Kwana 21 ba sa isa abu ya zama jiki

Ana yawan cewa in ka yi abu kwana 21 a jere, shi ke nan ya bi jikinka. Wannan magana ta karya gwiwar mutane da dama. Mutum ya fara fita gudu a Murtala Square bayan sallar asuba, ya ƙirga mako uku, ya ga har yanzu da ƙyar yake rabuwa da bargo, balle in hunturu ya sauka a Kaduna. Sai ya ce ai shi rago ne, ya watsar.

Lissafin ya samo asali ne daga Maxwell Maltz, likitan tiyatar gyaran fuska a Amurka, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. "Aƙalla" fa ya ce, kuma ba maganar gudu yake yi ba.

A binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta na wata jami'a a Landan suka fitar a 2009, sun bibiyi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da yin wani abu kullum. Tsaka-tsakin lokacin da suka ɗauka kafin abin ya zama jiki ya kama kwana 66, daga 18 har zuwa 254. Shan ruwa ya fi motsa jiki saurin kamawa. Abin da ya fi burge ni shi ne, tsallake rana guda bai rushe sabon ba.

Mahalarta sun ɗaura aikin ne a kan wani abin da suke yi kullum, kamar karin kumallo. Mu nan muna da salloli biyar, ga su nan a shirye.