A koya wa yaranmu maski kafin a cika musu hannu da burushi

Maganata yau da masu koyar da sassaƙar kwamfuta ce a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru, da kuma ƙannenmu da ke koyo su kaɗai a waya da tsohuwar laftof. Ina ganin ayyukanku, kuma wallahi akwai hannu. Sai dai abu ɗaya na ci min tuwo a ƙwarya. Yaro zai fitar maka da jijiyar wuyan doki da tamojin goshin tsoho, amma ka ce ya buɗe bakin dokin nan ba tare da ya jawo leɓen sama ba, sai ya yi cirko-cirko. Ba wanda ya zauna ya koya masa maski.

Maski ba wani abu ba ne mai wuya. Duk wanda ya ga yadda mata ke liƙa salatif a ƙafa kafin a shafa lalle ya riga ya gane shi: inda aka rufe ba ya kamawa. Ka shafa maski a inda ba ka so a taɓa, wurin ya yi duhu, duk burushin da ya bi ta kansa ba zai motsa shi ba. A manhajar sassaƙa ta ZBrush riƙe Ctrl kawai za ka yi ka shafa, Ctrl da Alt kuma su goge. Ka danna Ctrl a fili, gefen aikin, sai maskin ya juye, rufaffe ya buɗe, buɗaɗɗe ya rufe. A manhajar Blender, wadda take kyauta tun 2002 kuma ita yawancinmu muka dogara da ita, Ctrl da I ke juya shi, Alt da M su share shi gaba ɗaya.

Inda ake tafka asara shi ne wajen ɓoyewa, domin abubuwa biyu ne daban ake cakuɗawa. Akwai ɓoye duhun maskin, akwai ɓoye wani sashe na aikin kansa. Duhun nan yakan hana ka ganin inuwa da kyau, musamman a gefen da kake sassaƙawa, shi ya sa ZBrush ta ba ka Ctrl da H ka kashe ganinsa, Blender ma tana da wurin rage duhunsa a cikin saitin abin da allo ke nunawa. To amma maskin yana nan daram, yana aikinsa! Idonka ne kawai ba ya ganinsa. Sai yaro ya kashe, ya manta, gobe ya dawo ya ga burushi ya ƙi cin kunnen doki, ya ce kwamfuta ta lalace. Wani ya sauke manhajar ya sake ɗorawa, ya ƙone datarsa a banza. Wani ya watsar da aikin mako guda ya faro daga farko. Wannan yana min ciwo ƙwarai, don jimla ɗaya daga bakin malami ta isa: in burushi ya ƙi ci, fara duba ko akwai maski a ɓoye.

Ɓoye sashen aiki kuwa, mu ne muka fi kowa buƙatarsa. Na'urorinmu ba masu ƙarfi ba ne, ga zafin watan Afrilu, ga wutar da ba ta da alƙawari. Idan kana aikin rawanin mahayi, me ya sa za ka bar kwamfuta tana ɗaukar nauyin doki da lifidi da sirdi? Ka ja Ctrl da Shift a ZBrush ka bar kan kawai a fili, za ka ji hannu ya yi sauƙi, kuma ka isa lungunan da da ba ka kaiwa, kamar cikin baki da tsakanin yatsu.

Na san abin da wasu malamai za su ce, wai yaro yana son ya ga abin burgewa da wuri, in ba haka ba ya gudu. Gaskiya ne, amma ai maski ma yana da nasa burgewar. Ka sa ya shafa shi zagayen kai, ya sa manhajar ta ciro masa hula mai kauri daga wurin, ka ga yadda idonsa zai buɗe. Haka ake fitar da riga, da ɗamara, da linzami. A nan ne kuma zai gane cewa maski a kan ɗigogin ragar aikin yake zaune, wato ɗigogin da aka haɗa kamar raga suka ba aikin siffarsa. In ragar ba ta da yawan ɗigogi, bakin maskin zai fito da gargada, sai an ƙara rarraba ta ko a tausasa gefen. Yaron da ya gane wannan ya fara sanin abin da ke ƙarƙashin burushinsa.

Don Allah malamai, ku sa maski a makon farko. Masu koyo a waya da manhajar Nomad Sculpt, ku ma kuna da shi a cikin kayan aikinku, ku nemo shi yau ku gwada a kan ƙwallo ɗaya kafin ku koma kan dokinku.