Dan Allah a bar yara su yi dariya da littafi mana

Jiya da daddare an ɗauke wuta, muna tsakar gida ni da 'yata mai shekara huɗu, da fitilar waya muke karanta wani littafi da ni na haɗa mata da hannuna, kwalin sabulu ne na yanka na yi masa bango, takardu takwas a ciki, zanen kuma kar ma ku tambaya domin akuyar da na zana ta fi kama da jaki mai ciwon haƙori. Labarin gajere ne, hular Baba ta ɓata ranar Juma'a, ana ta nema. A shafi na uku na rubuta "Akuya ta ce wallahi ita ba ta ga hula ba", amma a hoton ga rabin hular nan a bakinta tana taunawa. Duk sanda muka zo wajen nan sai yarinyar nan ta daka tsalle tana nuna hoton da yatsa tana ihu, "Abba ƙarya take! Ga ta nan a bakinta!" ta yi ta ƙyaƙyata dariya har da faɗuwa kan tabarma. Sau shida muka karanta jiya. Ni na gaji, ita ko a jikinta.

Abin da ya sa na zauna na yanka kwali shi ne na zaga neman littafin hoto na Hausa mai ban dariya na ƙananan yara, na rasa. Na shiga shagunan littattafai a Sabon Gari, na leƙa wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin masallaci, abin da na samu kala biyu ne. Ko dai na koyon baƙi, a ba ca da, ko kuma labarin yaro mai rashin ji da ya ƙi bin maganar iyaye, a shafin ƙarshe ya faɗa rijiya ko kura ta cinye shi, sannan a rubuta DARASI da manyan baƙi. Kai jama'a! Yaro ɗan shekara uku me ya yi mana da zafi haka? A gida faɗa, a Islamiyya faɗa, a nazare faɗa, ya buɗe littafi ma a bi shi da wa'azi. To don me zai so littafi?

Na san wani zai zo yanzu ya ce malam ai tarbiyya ita ce gaba da komai, dariya ba ta koyar da komai. Ni ban ce a daina tarbiyya ba fa. Amma ku duba abin da yarinyar nan take yi a shafin akuya, tana jin abin da na karanta, tana duba hoto, ta gane ba su yi daidai ba, ta kama akuya da ƙarya ita kaɗai ba wanda ya nuna mata. Ba ta iya karatu ba tukuna amma yanzu ta san kalmar "hula" in ta gan ta, saboda ta kalle ta sau ba adadi tana jiran wajen dariyar. Ban taɓa riƙe bulala ba, ban ce "maimaita" ba, ita ce ma take tashina daga kwance wai a sake.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, mu fa ba baƙin raha ba ne. Wa ya kai Gizo iya shege? Ku tuna yadda kaka take maƙe murya ta yi tsamin bakinsa, maimakon ranka ya daɗe ya ce "yanka ya daɗe", sarki ya koma "saiki", tun kafin a kai tsakiyar tatsuniya mun riƙe ciki. Ga Ƙoƙi tana fama da shi, ga kura da shegen kwaɗayi kullum ita ake yi wa wayo, ga dila malamin daji, ga Botorami. Duk waɗannan fa suna nan kyauta, ba wanda zai ce ka biya shi kuɗin mallaka, amma har yau ban ga Gizo a littafi mai kala da manyan hotuna yadda yaro zai rungume ya yi barci da shi ba. Ko Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, aka fara bugawa tun 1937, cike yake da raha, aku na ta zuba, sai dai shi na wanda ya riga ya iya karatu ne sosai, ba na mai shekara huɗu ba. Kusan shekara casa'in ke nan, ƙananan yara har yanzu suna bin mu bashin nasu littafin.

Gaskiya akwai uzuri, ba zan ƙi faɗa ba. Buga littafi mai kala tsada gare shi, takardar ma yawanci daga waje ake shigo da ita, kuma uban da ke lissafin kuɗin masara ba zai sayi littafi mai layi ɗaya a kowane shafi ba, zai ce an cuce shi, ina rubutun? Marubutanmu kuma kasuwarsu tana wajen manya, labaran soyayya da na zaman aure, yanzu ma sun koma WhatsApp. Amma masu zane fa muna da su, duk mai bin katun ɗin Mustapha Bulama, mai zanen barkwanci a jarida, ya san hannun 'yan Arewa ba ya kasa, kuma samari nawa ne a Facebook suke zana 'yan siyasa da ƙaton ciki muna dariya? Mutum ɗaya cikinsu ya haɗu da marubuciya ɗaya mai 'ya'ya, wadda ta san me ke sa yaro dariya, an gama. Ku sani ba barkwancin majalisa ba ne, yaro abinsa daban, babba ya zame a taɓo, zakara ya makara, liman ɗin kaji ya sa takalmi a kai, abu ya yi ta maimaituwa har ya haddace ya riga ka faɗa.

Wanda ke da data ya leƙa African Storybook da StoryWeaver a intanet, akwai labarai masu hoto da Hausa kyauta, wasu na da daɗi, wasu kuma fassara ce da kana ji ka san ba a tsakar gidan Bahaushe aka haife ta ba. Matsalata da waya ita ce ina miƙa wa 'yata minti biyu ta fita daga littafin ta koma katun, sai rigima. Takarda ba ta da wannan, in ta yage ma salatif ne maganinta, namu duk jikinsa faci ne yanzu.

Da safen nan kafin in fita ta riƙe min riga wai akuyar nan ba ta ƙoshi ba, gobe takalmin Mama za ta ci, kuma in gyara mata kunne don ba haka kunnen akuya yake ba. Mamanta na jin mu daga kicin ta ce a dai bar mata takalminta, a ci na Abba. Duk mai kwalin da ba ya amfani da shi ya ajiye min, na sabulun ya ƙare.