Wata ukku da kama aiki, har an fara cinikin gida

Jiya bayan isha'i ƙanena yaz zo mani da dillali har zaure, wai an samo mishi gida can wajen Gagi a nan Sakkwato, ɗaki biyu da falo, an yi rufi an sa ƙyamare, fulasta kawai ta rage. Nic ce masha Allah, da wane kuɗɗi? Yac ce Yaya ai akwai hanya, zai ci bashin kofaretib na wurin aikinsu, Inna ta saida shanunta biyu, ni kuma in cika sauran. Yaron nan fa albashi ukku kacal ya ɗauka, kuma takardar da anka ba shi ƙarara ta ce gwajin wata shidda ne, bayan nan a duba ko za a riƙe shi.

Ban hana kowa mallakar gida ba, wa ke son haya? Duk wanda mai gida ya taɓa ƙwanƙwasa ma ƙofa da sassafe gaban matarshi ya san zafin abin. Amma aikin da ba a tabbatar maka ba kamar rigar aro ce, ranar da mai ita ya so zai karɓi abarshi. Mutane ba su karanta takardar ɗaukar aiki, lambar albashi kawai suke dubawa su ninke ta su sa aljihu. A dokar ƙwadago ta ƙasar nan, wanda bai wuce wata ukku ba notis ɗin kwana ɗaya ya isa a sallame shi, daga nan har shekara biyu kuma sati ɗaya ne, sai in takardarka ta ce fiye da haka. Sati ɗaya fa jama'a! Shi kuwa bashi bai san an sallame ka ba. Ko aikin gwamnati da muke gani kamar gadon gida, shekara biyu kake yi kana gwaji kafin takardar tabbatarwa ta fito.

Ni ba labari anka ba ni ba. Lokacin da nis samu aiki wani kamfani, wata na huɗu na kai kafin alƙalami na wani gida a Mabera, rabin kuɗɗin, bisa alkawarin in cika cikin shekara. Har Inna ta fara faɗa ma dangi ɗanta ya yi gida, har an fara maganar wane fenti za a shafa. Wata na biyar anka kira mu shidda ofis, anka ce ba laifin da munka yi, kasuwa ce ta ja baya, kuma kun san in za a rage mutane daga na bakin ƙofa ake farawa. Mai gida bai cuce ni ba, gaskiya, ya jira ni wata ukku sannan ya saida ma wani, kuɗɗina kuma ya riƙa biyana guntu-guntu, yau dubu ɗari gobe hamsin, duk sunka tafi a cefane da kuɗin haya. La'adar dillali kuwa ko a mafarki. Abin da ya fi ci mani rai ba kuɗɗin ba ne, gonar gadon da munka saida a ƙauye ce, har yau in na bi ta wurin kau da kai nake.

Za ku ce to a nemi bashin gida na hukuma mana. Asusun gidaje na ƙasa da anka kafa 1992, ana cire ma ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, bashin kuma ruwanshi kashi 6, ana iya biya har shekara 30, amma sai ka yi aƙalla wata shidda kana zubi kafin ma a saurare ka. Na fansho da anka ce kana iya ɗaukar kashi 25 na ajiyarka ka sa a gida, sai ka yi wata 60 ana zuba maka. Wato su kansu masu ba da kuɗɗin ba su yarda da sabon ma'aikaci ba, kai ne ka yarda da kanka har ka jawo shanun tsohuwa. Maganar riba kuma daban, wannan ku tambayi malamai, ni dai ban iya barci da ita.

Hujjar ƙanena guda ɗaya ce ta kama ni, yac ce Yaya in na jira komai tashi zai yi. Ban iya musu ba. Buhun siminti da ake saye dubu huɗu da 'yan kai, farkon 2024 ya haura dubu goma wasu wurare, mu da ke maƙwabtaka da kamfanin siminti na Kalambaina ma ba mu tsira ba. Shi ya sa nic ce mishi in dai kuɗɗin hannunshi ne, ba bashi ba, ba shanun Inna ba, ya nemi ɗan hili ko da bayan gari ne, wajen Dambuwa ko Kwannawa, ya bincika takardu da mai unguwa da maƙwabta, kuma ya je ya gan shi cikin damina ba cikin rani ba, wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ya san mi nake nufi. Hili ba ya neman biyan wata, in aiki ya tsaya ka saida abinka ko ka bar shi kwance.

Na san abin da ke tura shi, gidan su yarinyar da zai aura sun fara tambayar ina za a aje ta. To ni ma a haya anka kawo mani tawa, ɗaki ɗaya a Runjin Sambo, ga mu nan da ɗiya huɗu.

Ya tashi ranshi a ɓace, ko shayin bai ƙarasa ba. Dillalin kuwa da safen nan ya sake kirana, wai akwai wani Alhaji da ke son gidan, in ba mu kawo wani abu kafin Juma'a ba shi ke nan. Nic ce a gaida Alhajin.