Ɗakin Mutum Takwas a Istanbul

Kwanana huɗu a Istanbul, wallahi ban yi barcin awa uku a jere ba! Mu takwas a ɗaki, gado kan gado kamar makarantar kwana, ni aka cilla sama. Wai me ke cikin ledar nan da ba a buɗe ta sai ƙarfe uku na dare? Wancan na minshari kamar injin markaɗe, wannan ya dalle min ido da fitilar waya yana neman safa ƙwaya ɗaya, wani ya shanya jiƙaƙƙen tawul a tsanina. Madarar da na rubuta wa sunana a firji fa, aljanun unguwar Sultanahmet ne suka shanye? Sannan na lallaɓo da sanɗa zan yi sallar asuba, mai ledar nan ya ɗago kai yana min tsaki!