Kafin ku kafa mini hujja da Amurka, ku zo mu duba shari'o'in

Kwana biyu ke nan ina ganin wata magana tana yawo a shafukan nan, wai a Amurka Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kowa ya rataya bindigarsa, don haka mu ma a sakar mana mara. Na so in yi shiru, amma da na ga har mutanen da nake ganin girmansu suna maimaita ta, sai na ce bari dai in tofa albarkacin bakina. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Tushen rigimar jimla ɗaya ce tak, a gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791. Rabin farko yana magana a kan buƙatar tsararriyar rundunar mutanen gari domin tsaron ƙasa, rabi na biyu kuma ya ce ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami da riƙe shi ba. To, rabin farkon sharaɗi ne a kan na biyun, ko shimfiɗa ce kawai? Sama da shekara 200 Kotun Ƙoli ba ta taɓa soke wata doka da hujjar cewa bindiga haƙƙin kowane mutum ne a ƙashin kansa ba. Sai a 2008.

A shekarar ne aka yanke shari'ar Dick Heller, wani jami'in tsaro da ke gadin ginin gwamnati a Washington. A wurin aiki yana riƙe da bindiga, amma dokar birnin ta hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Alƙalai 5 suka ba shi gaskiya, 4 suka ƙi. Ƙuri'a ɗaya fa! Kuma shi kansa Mai Shari'a Antonin Scalia da ya rubuta hukuncin ya ce haƙƙin yana da iyaka: ana iya hana wanda aka taɓa samu da babban laifi, da mai taɓin hankali, ana iya hana shiga da ita makarantu da ofisoshin gwamnati. Wannan ɓangaren ne masu yaɗa maganar ba sa kawowa.

Bayan shekara 2 sai ga shari'ar Otis McDonald, kuma a nan ne zuciyata ta karkata. Dattijo ne baƙar fata a Chicago, ya haura shekara 70, 'yan daba da dillalan ƙwaya sun cika unguwarsu, an fasa masa gida ba sau ɗaya ba, amma doka ta ce ba zai mallaki ƙaramar bindiga ba. Duk wanda ya taɓa kwana da kunne ɗaya a ƙofar gida ya san abin da tsohon nan ke ji. Kotu ta ce, da rinjayen 5 da 4 ɗin dai, haƙƙin ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi ma. Ban ga laifin McDonald ba, kuma da ni ne alƙali da wuya in kore shi.

Inda muka raba hanya da kotun shi ne 23 ga Yunin 2022, shari'ar da ake kira Bruen. Jihar New York tana da doka mai asali tun 1911, wadda a ƙarƙashinta sai ka nuna wani dalili na musamman kafin a ba ka lasisin fita da bindiga cikin jama'a. Alƙalai 6 cikin 9 suka soke wannan sharaɗi. Da a nan suka tsaya, da da sauƙi. Sai Mai Shari'a Clarence Thomas ya kafa sabon ma'auni: daga yanzu alƙali ba zai auna doka da yawan rayukan da za ta ceta ba, sai dai gwamnati ta nuna cewa akwai mai kama da ita a tarihin dokokin ƙasar. Wato a tono kabarin mutanen 1791 a tambaye su.

Jama'a, wace bindiga suka sani a 1791? Irin harba-ka-ruga ta maharbanmu, ka ɗura albarushi, ka harba ɗaya, ka sake ɗurawa. Wata guda kafin hukuncin, wani matashi ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare a Uvalde ta jihar Texas ya kashe yara 19 da malamai 2. Ta ina za a nemo dokar zamanin doki da bindigar toka da ta hango wannan?

Abin da ya biyo baya sai ka riƙe baki. Wani alƙalin tarayya a West Virginia ya soke dokar da ta haramta riƙe bindigar da aka kankare lambarta, saboda a wancan zamanin ba a buga wa bindiga lamba (kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin daga baya). Wani kuma a Mississippi, Carlton Reeves, ya fito fili ya koka cewa alƙalai ba masana tarihi ba ne, amma an ɗora musu aikin. Abin takaicin ma, lauyoyin gwamnati da ke neman kare dokokin yau sai suka koma kafa hujja da tsoffin dokokin da suka hana bayi da 'yan asalin ƙasar riƙe makami, domin irinsu suna cikin abin da tarihin ya bari. Ka ji fa, dokar zalunci ta zama sheda.

Sai Zackey Rahimi. Wannan ɗan Texas ne da kotu ta hana shi kusantar tsohuwar budurwarsa bayan ya lakaɗa mata duka, kuma dokar tarayya ta 1994 ta ce wanda ke ƙarƙashin irin wannan umarni ba zai riƙe bindiga ba. Bai daina ba. Cikin kimanin wata biyu an danganta shi da harbi sau 5, har da wanda ya harba sama a wani gidan cin abinci don katin bankin abokinsa ya ƙi aiki. Duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki, domin ba ta sami tamkarta a tarihi ba. To dama mutanen da a zamaninsu mace ko ƙuri'a ba ta da ita, yaushe za su yi dokar ƙwace bindigar mai dukan mata? A Yunin 2024 alƙalai 8 na Kotun Ƙoli suka gyara ɓarnar, Babban Jojin ƙasar John Roberts ya ce ba lallai sai an sami tagwayen doka ba, kama a manufa ta wadatar. Wanda ya ƙi yarda shi kaɗai? Thomas, mai ma'aunin. Ni dai a ganina shi ne ya fi kowa bin ma'aunin yadda aka rubuta shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ma'aunin ke kai mutum.

Ƙasar da ake wannan muhawara ita ce wadda bindigogin da ke hannun fararen hula suka fi yawan mutanenta, inda a 2021 harsashi ya ci rai sama da 48,000, fiye da rabi kuma mutane ne suka harbe kansu. Kuma ko bayan Bruen, jihohi suna da ikon neman lasisi, da ɗaukar hoton yatsa, da binciken tarihin mai nema, da horo. Mai Shari'a Brett Kavanaugh, wanda yana cikin masu rinjayen, shi ya jaddada haka.

Na san dalilin da ya sa maganar ke shiga ranmu. A cikin makon da aka yanke Bruen ne gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu, kafin nan Aminu Masari ya faɗi makamancin haka a Katsina a 2021. Wanda aka kora daga gonarsa, aka sace masa iyali, ba ni da bakin yi masa wa'azi. Amma Heller da McDonald da jimla a hannu suka shiga kotu, mu kuwa kundin 1999 ba shi da irinta. Makamai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, dokar bindigogi ta 1959 kuma ta sa lasisin a hannun Shugaban Ƙasa da 'yan sanda. Shi ya sa Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Mai son a sauya, ɗan majalisarsa na Abuja zai nema, kuma ya tafi da amsar tambayar da Rahimi ya jefa wa Amurkawa: wa za a hana, kuma wa zai je ya karɓe ta daga hannunsa?