Rigar ruwa ba ta hana jirgi kifewa, a ƙirga mana mutane tun a bakin kwata

Tun watan Afrilun 2025 da ministan harkokin teku Adegboyega Oyetola ya je Minna ya ƙaddamar da rabon rigunan kariya guda 42,000 ga jihohi 12, kowace jiha 3,500, maganar haɗarin jirgin ruwa a ƙasar nan ta koma maganar riga kawai. Jirgi zai kife, ba a ma gama tsamo gawarwaki ba jami'i zai fito gaban kyamara ya ce ai fasinjojin ne ba su sa riga ba, ai mun raba, ai mutanen karkara ne ba sa jin magana. Bayan rabon nan an yi na Goronyo a Sakkwato a watan Agusta, masu zuwa cin kasuwa ne, an yi na Gausawa a ƙaramar hukumar Borgu a farkon Satumba inda jirgin masu zuwa ta'aziyya ya daki kututture, kuma kusan duk bayanin da ya biyo baya iri ɗaya ne. Wannan bayanin ne yake ɓata min rai, don an bar jaki ana dukan taiki, kuma wanda ake ɗora wa laifin ya riga ya rasu, ba zai tashi ya kare kansa ba.

Riga tana da amfani, ban ce a daina rabawa ba, duk wanda ya samu ya sa. Amma aikinta yana farawa ne bayan komai ya lalace, bayan mutum ya riga ya faɗa ruwa. Tambayar da ake gudu ita ce me ya sa jirgin ya kife tun farko, kuma wa ya tsaya yana kallo aka loda shi ya tashi.

Ku tuna da jirgin Sewol na Koriya ta Kudu. Ranar 16 ga Afrilun 2014 ya kife a hanyarsa daga Incheon zuwa tsibirin Jeju, mutum 476 ne a ciki, 304 suka mutu, 250 daga cikinsu yaran sakandare ne 'yan makaranta ɗaya da suka fita yawon buɗe ido. Yaran nan da yawa sanye suke da rigar kariya. Sun sa, sun zauna a ɗakunansu saboda ana ta sanarwa ta lasifika cewa kowa ya zauna inda yake kada ya motsa, su kuma yara ne masu biyayya, har ruwa ya cimma su a ciki, alhali kyaftin ɗin ya riga ya fice an ɗauke shi a jirgin ceto. Da aka yi bincike sai ga abin da ya fito: kamfanin ya ƙara wa jirgin ɗakuna a sama don ya ƙara ɗaukar fasinja, kayan da aka loda ranar sun haura ninki biyu na abin da aka yarje masa, ba a ɗaure su da kyau ba, sannan aka rage ruwan da ake zubawa a ƙasan jirgi don ya danne shi ya tsaya daidai, an rage shi ne don kada a gane nauyin ya wuce ƙa'ida. Duk wannan a tasha aka yi shi, a kan tudu, kafin jirgin ya motsa. Wace riga ce za ta gyara wannan?

Mu dawo kusa da gida. Ranar 26 ga Satumban 2002 jirgin Joola ya tashi daga Ziguinchor a yankin Kasamas na kudancin Senegal zai je Dakar, cikin dare iska ta taso a gaɓar Gambiya, cikin 'yan mintuna ya juye ƙasa ta koma sama. An ƙera shi ne don mutum ɗari biyar da 'yan kai, amma alƙaluman gwamnatin Senegal da kanta sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 kacal suka tsira. Ya fi Titanic kashe mutane, wanda duk duniya ta san sunansa. Kuma jirgin nan na gwamnati ne, sojojin ƙasar ne ke tafiyar da shi, don haka babu zancen wani jahilin matuƙin ƙauye. Masunta ne da kwale-kwalensu suka fara tsamo mutane, masu aikin ceto na hukuma sai da gari ya waye sannan suka iso. Abin da ya sa mutane ke cunkusuwa a jirgin shi ne hanyar mota ba daɗi, ga rikicin 'yan awaren Kasamas ga wahalar ratsa Gambiya, wanda duk mutumin Neja ko Kebbi ko Zamfara da 'yan bindiga suka hana shi bin titi ya koma bin ruwa zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A Tanzaniya ma haka aka yi a Satumban 2018, jirgin fito na gwamnati MV Nyerere ya kife a tafkin Victoria ranar kasuwa, saura ƙiris ya isa bakin gaɓar tsibirin Ukara, mutum 228 suka tafi a jirgin da aka yi don kamar mutum ɗari.

Abin da ya haɗa waɗannan duka, kuma shi ne maganata, lodi ne da rashin ƙirga. Ku lura da labaran haɗarin namu. Na Warrah a Kebbi a watan Mayun 2021, na Patigi a Kwara a Yunin 2023 da 'yan biki sama da ɗari suka rasu suna dawowa cikin dare, na Gbajibo a Mokwa a Oktoban 2024 da masu zuwa Mauludi. Kullum za ka ji ana cewa "kimanin mutum 200", "kusan mutum 300", hukumar ba da agaji ta faɗi nata adadi, shugaban ƙaramar hukuma ya faɗi nasa, mutanen gari su ce ba haka ba ne. Dalili ɗaya ne, babu wanda ya ƙirga waɗanda suka shiga. Wanda bai san nawa suka shiga ba ba zai taɓa sanin nawa suka ɓace ba, shi ya sa bayan kwana uku ko huɗu ake cewa an dakatar da nema, iyalai su ci gaba da zirga-zirga a bakin kogi su kaɗai. Haɗarin jirgin fasinja mafi muni da aka taɓa yi ba a lokacin yaƙi ba, wato Doña Paz na Filifin da ya yi karo da jirgin dakon mai a Disamban 1987, takardar sunayen fasinjojinsa mutum kusan 1,500 ta nuna, daga baya aka gano waɗanda suka mutu sun haura 4,000. Dubban mutane sun biya kuɗi sun shiga amma a takarda babu su, kuɗin kuwa akwai aljihun da ya shiga.

To a nan ne maganar take, aljihu. Duk mutum ɗaya da aka ƙara a kan ƙa'ida kuɗin fito ne ya ƙaru, na mai jirgi ya ƙaru, na ɗan kamasho ya ƙaru, na mai karɓar haraji a bakin kwata ya ƙaru. Matar da ta ɗauko buhun masararta tun asuba, jirgi ɗaya ne zai je kasuwar a ranar, in ta bari ya tafi sai wani mako, ita ce kaɗai a wurin da ba ta da zaɓi kuma ba ta cin ribar komai, amma ita ake fitowa a ce ba ta da wayewa. Haba jama'a.

Turawan Ingila sun sha wannan tun ƙarni na 19. Masu jiragen dakon kaya sukan yi wa tsohon jirgi inshora mai tsoka su danƙara masa kaya, in ya isa riba, in ya nutse da ma'aikatansa inshora ta biya. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya sa su a gaba shekara da shekaru, har a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya zazzagi masu jiragen da ke cikinta, sai a 1876 aka yi dokar cewa dole a zana layi a jikin kowane jirgi, in ruwa ya haura layin nan lodi ya wuce kima, jirgi ba zai tashi ba. Fenti ne kawai, wanda bai yi boko ba ma yana tsaye a bakin ruwa zai gani da idonsa. Amma ga darasin da ya fi shafar mu: dokar farko ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana layin da kansa, kuma kowa ya san inda mai neman riba zai zana shi. Sai a 1890 hukuma ta karɓe wannan iko ta koma ita ke faɗin inda layi zai tsaya. Yau duk babban jirgin da ke yawo a teku yana ɗauke da wannan alama. Mu kuwa bayan shekara sama da 130 muna nan a matakin farko, mun bar wa ƙungiyar masu jirage ta sa ido a kan 'ya'yanta, mai cin ribar lodi shi ne alƙalin lodi.

Masu cewa ƙaddara ce, wallahi mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya wajabta diyya a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure, balle wanda ya ga ruwa ya kusa shafe bakin jirgi ya ce a ƙara mutum goma. Masu cewa a haramta jiragen katako a koma na zamani, Joola da Sewol da Nyerere duk na ƙarfe ne. Masu cewa an hana tafiyar dare kuwa, dokar da babu mai tsaron ta a bakin ruwa da ƙarfe takwas na dare magana ce kawai a rediyo.

Sannan akwai kututture, wanda shi kam babu ta yadda za a ɗora wa fasinja. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, haka ma a tafkin Volta na Ghana tun bayan gina Akosombo. In ruwa ya cika ba ka ganin su sai ka hau kansu. Share hanyar ruwa da sa mata alama aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ne, wato NIWA da ke Lokoja, don haka aka kafa ta. Kullum rahoto ya ce jirgi ya daki kututture ya dare biyu, sai kuma a rufe bayanin da zancen riga, kamar kututturen jiya ya tsiro.

Bambancin ƙasar da ta ɗauki darasi da wadda ba ta ɗauka ba yana wajen hukunci ne. A Koriya kyaftin ɗin Sewol ɗaurin rai da rai ya samu, shugaban kamfanin ya tafi gidan yari, har kwamandan jirgin sintirin da ya fara isa wurin ya kasa fito da mutane sai da aka ɗaure shi, shugabar ƙasa Park Geun-hye ta sanar da rushe rundunar tsaron gaɓar teku gaba ɗaya, kuma a 2017 suka ɗago jirgin daga ƙasan teku saboda iyaye sun ƙi yin shiru. A Senegal ministoci sun sauka, shugaba Abdoulaye Wade ya sallami firaminista, amma a 2003 aka rufe shari'ar aka ce laifin kyaftin ne, shi kuma yana cikin waɗanda suka mutu. A Masar, da jirgin Salam Boccaccio 98 ya nutse a Bahar Maliya a Fabrairun 2006 yana dawowa daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga, mutum sama da dubu suka halaka yawancinsu 'yan ci-rani masu komawa gida, mai jirgin ɗan majalisa ne, ya bar ƙasar ya tafi Landan, kotu ta fara wanke shi a 2008, sai a 2009 aka yanke masa shekara bakwai ba ya nan. Mu a wane layi muke? A kawo mana sunan jami'i ɗaya da ya rasa aikinsa ko ya kwana a gidan yari saboda Warrah, ko saboda Patigi, ko saboda yaran Islamiyyar nan da suka nutse a ruwan Bagwai a Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 suna hanyar zuwa Mauludi. Abin da muka saba gani shi ne gwamna ya je jaje, a ba da buhunan shinkafa da 'yan kuɗi, a kafa kwamiti, a dakatar da fito na 'yan makonni, sai wahala ta ishi mutane a buɗe a ci gaba yadda ake yi da.

Abin da nake nema ba wani abu ne mai tsada ba. A tashar mota in za ka yi doguwar tafiya ana miƙo maka takarda ka rubuta sunanka da lambar wani naka, to me ya hana a yi haka a bakin kwata, aƙalla a manyan ranakun kasuwa da na biki da Mauludi, tunda kowa ya san ranakun da ake cika jirgi? A zana layi a jikin kowane jirgin haya, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi, hukuma ce za ta rubuta, kada a bar wa mai jirgi. A sa mutum ɗaya mai albashi, wanda abincinsa bai rataya a kan yawan fasinja ba, shi zai ce jirgi ya tashi ko kada ya tashi, sarkin ruwa da mai gari su san shi, sunansa ya kasance a rubuce. In jirgin da ya sallama ya kife da mutum 200 alhali an rubuta 80, shi da mai jirgin kotu za su je, da shugabansa na ofishin yanki. In kuma mutane sun yi yawa a ranar kasuwa, jiha ta ƙara jirgi na biyu ya yi sawu, don wanda ka hana shiga dole ka ba shi wata hanyar zuwa. Kafin ruwa ya sake cika, NIWA ta fito ta faɗa mana a fili hanyoyi nawa ta cire wa kututture tsakanin Yawuri da Malale a ruwan Kainji, kuma nawa ta sa wa alama.