Alhaji da Malamin Daji

Malamin Daji: Ranka ya daɗe, wannan hanya a rufe take, domin an kwana ana ruwa, kuma duk tayar keken da ta bi ta cikin laka sai ta bar kwarin da ruwa zai riƙa bi har ya cinye hanyar.

Alhaji: Yaro, wannan doka an yi ta ne saboda ƙananan kekuna. Nawa giya goma sha biyu gare shi.

Malamin Daji: Laka ba ta ƙirga giya, Alhaji. Ga wata hanya can a buɗe, amma sai ka sa hular kwano.

Alhaji: Ga ta nan ai, ko ba ka gani ba?

(Tana nan kuwa, a rataye a hannun keke, inda take kare ƙarfe daga zafin rana.)

Malamin Daji: A kai ake sa ta, a kuma ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa.

Alhaji: Idan na rufe kaina, yaya mutane za su gane cewa ni ne a kan keken?

Malamin Daji: To, idan ka haɗu da masu tafiya a ƙasa ko mai doki, kai ne za ka rage gudu ka kauce, kuma mai gangarowa shi yake ba mai hawowa hanya.

Alhaji: Ni in kauce wa doki? Ka san ko ni wane ne?

Malamin Daji: Ni na sani, dokin ne ba a sanar da shi ba. Sannan a gangara ka rage tsayin sirdin keken, ka mayar da nauyinka baya, kada ka damƙe birkin gaba gaba ɗaya.

Alhaji: Birkin da na biya da kuɗina za ka koya mini matsawa?

(Irin su Alhaji ba sa karanta allon gargaɗi sai sun ga sunansu a jiki. Ya taka feda, gangara ta karɓe shi, ya damƙe birkin gaba, keke ya tsaya cak, shi kuwa ya ci gaba da tafiya.)

Malamin Daji: Sannu, Alhaji! Ka faɗa wa wani a gida inda ka nufa, mu kira shi?

Alhaji: Wa ya ce maka faɗuwa na yi? Saukowa na yi in duba lakar nan da kake ta magana a kai.

Malamin Daji: Yaya ka same ta?

Alhaji: Ba ta kai yadda kake zuzuta ta ba. Ɗago ni, amma ka fara duba mini ko fentin keken ya ƙuje.